Ginshiƙin Bango a Ginin Girkawa da Rumawa da na Hausawa: Siffarsa da Matsalar Sunansa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Azare ko Gamawa, ko kuwa wani gari na ƙasar Hausa, zai lura da wani ado da ya zama ruwan dare a fuskar gidaje da masallatai. Za a ga wani abu mai kama da ginshiƙi a dama da hagun ƙofa, ko tsakanin taga da taga, ya ɗan turo daga jikin bango, da gindinsa da kansa, amma da za a sassaƙe shi a fitar, rufin ginin ko gezau ba zai yi ba. Idan aka tambayi birkila sunan wannan abu, amsar da aka fi samu ita ce fila, wato sunan da yake kiran ginshiƙin kankare mai rodi wanda ke ɗauke da bene. Abubuwa biyu ke nan masu aiki daban-daban suka yi tarayya a suna ɗaya, sunan kuma na aro.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga malamin da zai koyar da tarihin gini da Hausa, ko mai fassarar da aka ba shi bayanin wani tsohon gini ya mayar Hausa. In ya ce fila, mai sauraro zai ɗauka ana maganar kankare. In ya ce ginshiƙi kawai, za a ɗauka abin yana riƙe da rufi.

Manufar wannan maƙala ita ce, da farko, ta bayyana wannan nau'in ginshiƙi a inda ya samo asali, wato ginin Girkawa da Rumawan da. Daga nan za ta dubi abin da ya fi kusa da shi a ginin gargajiya na Hausa, tare da kafa hujja da abin da aka rubuta game da Katagum da Sakkwato da Zariya. Bayan haka za ta auna ma'anonin kalmomin da Hausa ta riga ta mallaka a wannan fage, sannan ta ba da shawarar sunayen da suka dace.

2.0 Ginshiƙin Bango a Ginin Girkawa da Rumawa

2.1 Siffarsa

Idan aka yi la'akari da dangantakar ginshiƙi da bango, masana gini sun kasa ginshiƙai gida uku:

(a) wanda ke tsaye shi kaɗai, ana iya zagaya shi;
(b) wanda ke da siffar mulmulallen ginshiƙi, amma rabinsa ko wani sashe nasa ya shige cikin bango;
(c) wanda fuskarsa a baje take, mai kusurwa, ya ɗan turo daga bango kaɗan, galibi abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba.

Nau'i na uku shi ne abin da wannan maƙala ta fi mayar da hankali a kai. Sunansa a wasu harsunan Turai ya samo asali ne daga kalmar Italiyanci pilastro, wadda ta fito daga pila ta harshen Latin. Kamar cikakken ginshiƙi, shi ma yana da sassa uku, wato gindi da jiki da kai, kuma yana bin ƙa'idar salon ginin da aka yi shi a ciki.

Salon ginshiƙai na Girkawa uku ne. Akwai na Doriyawa, wanda yake kakkaura, kansa ba shi da wani ado mai yawa. Akwai na Iyoniyawa, wanda ya fi siranta, kansa yana da naɗi biyu kamar ƙahon rago. Sai na birnin Korinti, wanda aka yi wa kansa ado da siffar ganye. Rumawa sun yi amfani da waɗannan, suka kuma ƙara wasu biyu. Wani maginin Rum mai suna Bitrubiyus, wanda ya rubuta littafi mai kashi 10 a kan gini a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya danganta waɗannan salo da jikin ɗan Adam: na farko ya kamanta shi da ƙirar namiji, na biyu da ta mace, na uku da ta budurwa. Za mu ga amfanin wannan kamance idan muka zo kan kalmomin maginan Hausa.

2.2 Asalinsa da Yaɗuwarsa

Abin sha'awa shi ne, asalin wannan ado ba a ginin dutse yake ba. Tsofaffin ɗakunan bautar Girkawa da tubalin ƙasa ake gina bangayensu, ginshiƙansu kuma na itace ne. Inda bangon gefe ya ƙare ta fuskar ƙofa, sai a sa masa katako domin kada ya zaizaye, kuma domin ya iya ɗaukar gungumen da aka ɗora a kansa. Wannan bakin bango mai kauri shi ake kira anta. Ɗakin bautar Hera da ke Olimfiya, wanda aka gina wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), misali ne na wannan mataki: saman bangayensa na tubalin ƙasa ne, ginshiƙansa kuma na itace, aka riƙa sauya su da na dutse ɗaya bayan ɗaya. Da aka koma gini da dutse gaba ɗaya, buƙatar katakon ta kau, amma siffarsa ta zauna a matsayin ado.

Rumawa ne suka raba wannan siffa da aikinta na asali. Su da baka da kankarensu suke ɗaukar nauyin gini, saboda haka ba su da buƙatar jeren ginshiƙai irin na Girkawa. Duk da haka ido ya riga ya saba da ganin ginshiƙi a matsayin alamar ƙasaita, sai suka riƙa manna siffarsa a jikin bangon da ya riga ya tsaya da ƙafarsa. Babban dandalin wasa na birnin Rum, wato Kolosiyum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, ya tara nau'o'in biyu: hawa uku na farko suna da ginshiƙai masu rabin mulmule a tsakanin bakuna, hawa na huɗu kuma yana da masu bajajjiyar fuska.

A ƙarni na 15 maginan Italiya suka farfaɗo da wannan salo. Fuskar gidan Rucellai da ke birnin Fulorans, wadda ake danganta tsarinta ga Leon Battista Alberti a tsakiyar wannan ƙarni, an raba ta hawa-hawa da irin waɗannan ginshiƙai, ba tare da ko ɗayansu ya ɗauki nauyi ba. Daga Italiya salon ya bazu a Turai da ƙasashen da Turawa suka mallaka. A Nijeriya ana ganin sa tun ƙarni na 19 a Ikko, a gine-ginen 'yantattun bayin da suka dawo daga Barazil, alal misali masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Adon da birkilolin Azare da Gamawa ke yi da siminti jikan wannan salo ne, ko da yake hanyar da ya biyo doguwa ce.

3.0 Ginshiƙi a Ginin Gargajiya na Hausa

3.1 Shaidar Katagum da Sakkwato

Kada a ɗauka cewa ginshiƙi mai gindi da kai baƙon abu ne da ya shigo tare da siminti. Garin Katagum, wanda Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19, ya karɓi baƙuncin Turawa biyu, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa. Oudney ya rasu a Murmur jim kaɗan bayan sun bar garin. A labarin tafiyar da aka buga a 1826, Clapperton ya bayyana Katagum a matsayin gari mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ya ce sarki da manyan gari suna da gidajen ƙasa masu shimfiɗaɗɗen rufi, wasu har da bene. Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne bayanin da ya yi na ginshiƙan da ke ɗauke da wani ɗaki a bisa ƙofar yamma. Ya ce da kututturen itacen dangin giginya aka yi su, aka fitar musu da gindi da kai, aka yaɓe su da ƙasa, kuma bai ga kamarsu ba a ƙasashen da ya ratso.

Da ya isa Sakkwato a wannan shekara, ya tarar ana gina wani masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo. Nan ma ginshiƙan na itace ne da aka yaɓe da ƙasa aka yi musu ado, bakuna kuma suna zaune a kansu. Shugaban maginan Bazazzagi ne, ya kuma shaida wa Clapperton cewa mahaifinsa ya zauna a Masar, ya bar masa takardun gini.

Abu biyu za a fahimta daga wannan shaida. Na farko, shekara 200 da suka wuce maginan Katagum sun san raba ginshiƙi zuwa gindi da jiki da kai, kuma abin da aka san shi a aikace da wuya a rasa sunansa a baki. Na biyu, ilimin gini yana yawo tsakanin ƙasar Hausa da ƙasashen Larabawa, wanda hakan ya bar alamarsa a kalmomi, kamar yadda za a gani a 4.0.

3.2 Dalilin Kafa Ginshiƙi

Domin a gane matsayin ginshiƙi a ginin Hausa, dole a fara da azara. Azara tsagin kututturen giginya ce, kuma magina sun fifita ta saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, tazarar da za ta iya haɗawa ba tare da ta lanƙwasa ba ba ta wuce kamar mita 2 ba. Duk wata dabarar rufi ta maginin Hausa ƙoƙari ne na tsallake wannan iyaka.

Hanya ta farko ita ce a turo gajerun azara daga saman bango, ko a gitta su a kusurwa, domin a rage tazarar. Hanya ta biyu ita ce a kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗaki, a ɗora masa azara ta kowace fuska, ta yadda kansa zai buɗe kamar reshen itace. Wannan buɗewar kai ita ce ta yi daidai da kan ginshiƙin Girkawa, sai dai a nan nauyi ne ya haifar da ita. Hanya ta uku, wadda ita ce ƙololuwar gwaninta, ita ce baka.

3.3 Ƙafar Baka

Maginin Hausa ba ya kafa wani katako a ƙarƙashin baka kafin ya gina shi. Daga bangaye biyu masu fuskantar juna yake farawa. Zai dasa azara a jikin bango ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, sannan ya ɗora wata a kanta wadda ta fi ta karkata. Haka zai yi ta yi daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama. Kowane ɓangare shi ake kira ƙafa, kuma da yawan ƙafafu ake gane girman soro da darajarsa. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya kamar sandunan bakin guga, sai a kira rufin ɗaurin guga.

Wanda ya shiga irin wannan soro zai ga sashen ƙasa na kowace ƙafa ya turo daga bango, a miƙe, mai kusurwa, sau da yawa da zane a jikinsa. A ido, babu abin da ya fi wannan kama da ginshiƙin bango na Rumawa. Amma a aiki sun sha bamban, domin da za a sare ƙafa ɗaya, rufin zai biyo ta.

Babban misali shi ne masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A cikinsa akwai manyan ginshiƙai na tsaye, akwai kuma waɗanda ke haɗe da bango, bakuna suna tashi daga jikinsu, an kuma yi musu zane mai zurfi a cikin ƙasar tun tana ɗanya. A ƙasar Bauchi akwai gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda aka gina wajen 1860, ake kuma danganta shi da Babban Gwani. An sanya shi cikin jerin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Masana irin su J. C. Moughtin a littafinsa na 1985 da Z. R. Dmochowski a nasa na 1990 sun auna irin waɗannan gine-gine sun zana su, kuma an gina kwatankwacin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Akwai wuri ɗaya da maginin Hausa ke yin abin da ya kusanci ado zalla, wato fuskar zaure. A nan akan turo bango a dama da hagun ƙofa, a miƙe da shi sama har ya ƙare da zanko, a cika tsakaninsu da zane irin su dagi, a shafe da makuba ko laso domin kariya daga ruwan sama. Ko a nan ma kaurin yana ƙarfafa bakin ƙofa, wato dai daidai da anta ta Girkawa kafin ta zama ado.

4.0 Kalmomin Ginshiƙi a Hausa

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Ga waɗanda suka fi fitowa fili:

1. ginshiƙi, jam'i ginshiƙai: gini na tsaye mai ɗauke da rufi.
2. al'amudi: ginshiƙi, musamman na soro ko masallaci. An aro ta daga amud ta Larabci tare da harafinta na al, kamar yadda aka yi a alƙalami da alƙali.
3. shisshike, jam'i shikashikai: itacen da aka kafa ya ɗauki rufi.
4. dirka, jam'i dirkoki: itace mai baki biyu a sama wanda ake kafa rumfa da shi.
5. dogari: abin da aka tokare bango da shi daga waje don kada ya faɗi.
6. rukuni, jam'i rukunai: daga Larabci, asalin ma'anarta kusurwa ko jigon gini, amma a Hausa ta fi zama a fagen addini da ilimi.
7. fila: ginshiƙin kankare, aro daga Ingilishi.

Idan aka lura, kalmomi shida na farko sun yi tarayya a ma'ana ɗaya, wato ɗaukar nauyi ko tokarewa. Ana iya tabbatar da haka ta duba yadda ake sarrafa su a wajen fagen gini:

8. Yayansu shi ne ginshiƙin gidan.
9. Salla tana cikin shikashikan Musulunci.
10. Noma shi ne ginshiƙin arzikin ƙasar nan.

A duk waɗannan jimloli, siffar ginshiƙi ba ta shigo ba ko kaɗan. Ba a nufin yayan dogo ne ko kakkaura. Abin da Bahaushe ya ɗauko daga ginshiƙi ya ɗora wa mutum ko ibada ko sana'a shi ne cewa in babu shi abin zai rushe. Saboda haka jimla irin ta 11 takan yi wa kunne banbaraƙwai, sai fa in gatse ake yi:

11. Shi ne ginshiƙin gidan, amma ba ya ɗauke da nauyin kowa.

To, ga shi kuwa abin da muke neman suna dominsa ginshiƙi ne wanda ba ya ɗauke da nauyin komai. Nan ne matsalar take. Harshen ya gina ma'anar kalmar a kan aiki, domin a ginin ƙasa ba a san ginshiƙin da ba ya aiki ba, alhali Rumawa sun riƙe siffar sun saki aikin.

Wani abin lura kuma shi ne hanyar da maginan Hausa ke bi wajen raɗa wa sassan gini suna. Galibi sukan ɗauko daga jikin mutum ko dabba, ko sutura, ko kayan aikin yau da kullum: ƙafa, da ƙafar kaza, da zanko, da rawani, da bakan gizo, da ɗaurin guga. Wannan ya yi daidai da kamancen da Bitrubiyus ya yi tsakanin ginshiƙi da jikin ɗan Adam. Don haka sassan nan uku ba su buƙatar aro: gindi da jiki da kai sun wadatar, kuma kowane magini zai gane su ba tare da an yi masa sharhi ba.

5.0 Neman Suna

Hanyoyin samar da keɓaɓɓun kalmomi sanannu ne ga masana, kuma an bi su a aikin Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, wanda ya shafi harshe da adabi da koyarwa. Uku daga cikinsu za a gwada a nan.

5.1 Aro

Hanya mafi sauƙi ita ce a ari kalmar Turai a hausantar da ita. Da yake Hausa takan mayar da sautin p na baƙin harshe zuwa f, kuma takan saki r ta ƙarshen kalmar Ingilishi kamar yadda aka yi a mota da tela, abin da zai fito shi ne filasta. Amma wannan gurbi a cike yake. Filasta a bakin birkila ita ce yaɓen siminti, a bakin ma'aikacin asibiti kuma abin manna wa rauni. Ma'ana ta farko ma a fagen ginin take, saboda haka jimla irin "an yi wa bangon filasta" ba za ta taɓa ba da ma'anar da muke so ba. Wannan hanya ta toshe.

5.2 Faɗaɗa Ma'ana

Ana iya barin fila ta ci gaba da ɗaukar ma'anonin biyu, kamar yadda take yi a bakin ma'aikata. Wannan ya isa a wurin aiki, inda abin yake a gaban mai magana yana nuna shi da hannu. A rubutu kuwa bai isa ba, domin bambancin da ake son fitarwa shi ne ainihin wanda kalmar ta binne. Ana kuma iya faɗaɗa ƙafa ta ƙunshi adon Rumawa, tun da sun yi kama a ido. Illar wannan ta fi ta farko, domin zai sa ɗalibi ya ɗauka ƙafafun bakan Zariya ado ne. Irin wannan kuskure yana iya fita daga takarda ya shiga aikin gyaran tsohon gini, inda sassaƙe ƙafa ɗaya don a faɗaɗa wuri zai jawo asarar rai.

5.3 Ƙirƙira

Hanyar da ta rage ita ce a haɗa kalmomin gida. Ginshiƙin ado yana da sauƙi, amma bai nuna cewa abin a jikin bango yake ba, kuma ginshiƙin da ke tsaye shi kaɗai a ƙofar gida ma yana iya zama na ado. Ginshiƙin bango ya nuna wuri, sai dai ya haɗa nau'i na (b) da na (c) da ƙafar baka duka. Wannan faɗi nasa ya sa ya dace ya zama sunan gida, a sa wa kowane ɗa nasa sunan a ƙarƙashinsa. Ga shawarar wannan maƙala:

12. ginshiƙin bango: duk wani ginshiƙi da ke haɗe da bango, ko yana ɗauke da nauyi ko ba ya ɗauke.
13. ɓarin ginshiƙi: mai rabin mulmule, kamar yadda ake cewa ɓarin ƙwarya.
14. lafaffen ginshiƙi: mai bajajjiyar fuska wanda ya ɗan turo kaɗan, daga aikatau lafe, kamar a "ya lafe a jikin bango".
15. ƙafar baka: ta ginin Hausa, mai ɗauke da rufi, a bar ta da sunanta.

Fa'idar lafaffen ginshiƙi ita ce, siffar da ta zo kafin sunan tana rage masa ƙarfin ma'anar ɗaukar nauyi, domin abin da ya lafe a jikin wani, shi ne ke jingine, ba shi ake jingina da shi ba. Ginin kalmar kuma sananne ne, irin na dafaffe da gasasshe da mulmulalle, jam'inta kuma lafaffun ginshiƙai. Da waɗannan kalmomi ana iya cewa: hawa uku na farko na Kolosiyum suna da ɓarin ginshiƙai, na huɗu yana da lafaffu, amma abin da ke jikin bangon masallacin Zariya ƙafafun baka ne. Jimlar ta fita sarai ba tare da kalmar aro ko ɗaya ba a ɓangaren ginshiƙan.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa lafaffen ginshiƙi ya faro ne a matsayin katakon kare bakin bangon ƙasa a ginin Girkawa, Rumawa suka mayar da shi ado, daga bisani ya iso garuruwanmu ta hanyar siminti. Ta kuma nuna cewa abin da ya yi kama da shi a ginin Hausa, wato ƙafar baka, yana ɗauke da rufi, kuma ma'anar ɗaukar nauyi ta ratsa dukkan kalmomin ginshiƙi na Hausa har zuwa maganganun yau da kullum. A kan haka ne aka ba da shawarar sunayen da ke 12 zuwa 15. Shawara ce, hukuncin kuwa yana bakin magina da malamai da masu fassara, domin kalmar da ba a yi amfani da ita ba ta mutu tun a takarda.

Akwai aikin da ya fi wannan gaggawa. A ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Tsofaffin gine-ginen ƙasa suna ƙarewa, kuma duk soron da aka rushe aka maye gurbinsa da bulo, yakan tafi da dalilin furta sunayen sassansa. Mafi yawan kalmomin gini da aka tattara a rubuce daga Kano da Zariya suka fito. Yankin Katagum kuwa yana da karin harshensa, wato Guddiranci, yana kuma maƙwabtaka da Barebari da Karekare da Badawa, ga Fulani a cikinsa, saboda haka akwai kyakkyawan zaton maginansa suna da kalmomin da suka bambanta da na Kano. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su haɗa hannu da sassan tsara gine-gine, su tura ɗalibai wurin Sarakunan Magina da tsofaffin gwanaye na Katagum da Azare da Gamawa da Shira, a tsaya a cikin soro a nuna kowane sashe a tambayi sunansa, a rubuta shi da karin sautinsa da jam'insa. Mai yiwuwa a cikin abin da za a samo har da sunan da maginan 1824 suke kiran kan ginshiƙan da Clapperton ya gani, wanda in an same shi, zai fi duk abin da muka ƙirƙira a nan cancanta.